Yadda Ake Koyon Phrasal Verbs na Turanci Ba Tare da Haddar Dogon Jeri Ba

Wanda ya san "give" bayarwa ce, "up" kuma sama, idan ya ji "give up" sai ya zaci wani abu aka miƙa sama, alhali nufin shi ne mutum ya sare, ya haƙura da abin da ya sa a gaba. Irin wannan haɗi na aikatau da 'yar ƙaramar kalma shi ake kira phrasal verb. Mu ma muna da makamancinsa: cin amana, cin jarrabawa da ci gaba, babu wanda ya shafi abinci. Ba a jeri muka haddace su ba, a cikin magana muka tsince su, haka kuma na Turancin suka fi shiga kai.

Da farko, kada ka rubuta ko guda ɗaya shi kaɗai. Ka ware littafi, duk wanda ka ci karo da shi a labarai ko a hira ka kwafe shi tare da jimlarsa. Maimakon "put off: ɗagewa", rubuta "They put off the meeting until Monday", wato sun ɗage taron zuwa Litinin. Jimlar ce za ta tuna maka ma'anar da kuma inda kowace kalma ke zama.

Na biyu, ka kasa su bisa ƙaramar kalmar, ba bisa aikatau ba. Masu tara duk na "get" a shafi guda kansu kawai suke ruɗawa. Sau da yawa "up" na nuna an gama abu kakaf: "eat up", "use up". "Off" kan nuna yankewa ko tsayarwa: "turn off" kashe na'ura, "call off" soke abin da aka shirya. "Out" kuwa ƙarewa ne ko fitowa fili, kamar "run out" da "find out". Wannan ba doka ba ce, taimako ne kawai wajen canka.

Mataki na uku shi ne inda aka fi tuntuɓe, don haka a nan ka nutsu. Wasu ana raba su, wasu ba a rabawa. "Turn off the light" da "turn the light off" duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: "turn it off", ba "turn off it" ba. "Look after", wato kula da wani, ba ya rabuwa ko kaɗan, sai dai "look after them". Haka yawancin masu kalma uku, irin su "put up with", jure wa abu, da "run out of". Ƙamusun Oxford na masu koyo yana sa kibiya mai kai biyu a kan waɗanda ake rabawa. Ka riƙa yin irin wannan alama a littafinka. Af, kuma "look forward to" aikatau mai ƙarewa da -ing ke bin sa. "I look forward to hearing from you" ake rubutawa, ba "to hear" ba, kuskuren da ya cika wasiƙun neman aiki.

Na huɗu, guda ɗaya kan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. "Take off" tuɓe riga ne, tashin jirgin sama ne kuma. Ka riƙe wadda ka fara gamuwa da ita, ka bar fili a ƙasa don ta gaba.

Sai amfani da su. Biyar a mako sun wadatar. Kowane dare ka ƙirƙiri jimla uku a kan abin da ka yi a ranar, ka faɗe su da ƙarfi, bayan kwana biyu ka rufe littafin ka gwada kanka. Ka kuma lura da wurin da kowanne ya dace: a hira "put off" da "find out" suka fi daɗin ji, a takardar ofis ko rubutun jarrabawa kuwa an fi son "postpone" da "discover". Ka rubuta su gefe da gefe a shafi ɗaya.