Kurakuran da aka fi yi da sabulun wanki: na ruwa, na gari da na ƙunshi

Na gaji da ganin mutum ya sayi sabulun ruwa mai kauri, ya riƙa kwarara shi cikin injin wanki ba awo. An kaurara shi ne don kaɗan ya wadatar. Murfin kwalbar ma'auni ne, leƙa cikinsa za ka ga layuka.

Wannan kuskuren ya ci mini tawul guda biyar. Wata da watanni ina cika murfi fal, a zatona yawan kumfa shi ne tsabta. Sai tawul suka sandare, suka daina shan ruwa, ga wani warin tsami da ba ya fita ko an shanya. Ranar da na ɗaga robar bakin ƙofar injin, na tarar da yauƙi da baƙar funfuna sun cika lungun. Sabulun da ɗauraya ta kasa fitarwa ne ya taru, ya riƙe dauɗa. Haba jama'a! Ku daina auna wanki da kumfa. Kumfa idan ta yi yawa hana tufafi gogar juna take yi, alhali gugar ce ke fitar da datti. Ni yanzu layin farko nake tsayawa, sai kaya sun yi datti sosai nake ƙarawa. Sau ɗaya a wata ina kunna injin babu kaya, da garin sabulu a zafin digiri 60, sannan in bar ƙofar a buɗe ta sha iska.

Kuskure na biyu, wanke fararen kaya da na ruwa kullum, sannan a yi ta ƙorafin sun dushe. Yawancin garin sabulu na ɗauke da bilic mai iskar oksijin, wanda ba ya zama cikin sabulun ruwa. Shi ya sa farare da zanen gado nake ba su gari, a ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa sama. A ruwan sanyi kuwa garin kan ƙi narkewa, ya bar farin tabo a jikin baƙar riga. Nan na ruwa ya fi, haka ma a tabon maiƙo: ɗiga kaɗan a wurin, ka murza, ka bar shi jim kaɗan kafin wanki.

Ƙunshin sabulun nan mai leda mai narkewa, ƙasan injin ake fara sa shi kafin kaya, kuma da busasshen hannu. In ka ɗora shi a sama injin na cike, zai manne wa riga. Ulu da siliki kuma a nema musu nasu sabulun.

Wajen saye, duba adadin wankin da aka rubuta a jiki, girman kwalba ba ya nuna komai.

Don Allah, masu yara a gida, ƙunshin nan launinsa kamar alewa ne, yana ƙona baki da ido. A rufe mazubinsa gam, a ajiye shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.