Kafin ka sa a zana maka holl na wasa ko taro, ga yadda za ka bi

Ina aiki a wani ofishin zanen gini nan Bauchi, kuma wlh kusan duk Alhajin da ya shigo yana son holl da hoton gaban gini yake zuwa a waya, gilashi daga sama har ƙasa, ya ce irin wannan nake so. Oga sai ya yi murmushi ya ce Alhaji mu fara da mutumin da zai zauna a kujerar ƙarshe tukuna, shi yana gani? yana ji? In wannan ya samu sauran duk mai sauƙi ne.

Toh abu na farko da za ka yanke tun kafin ka je wajen akitek, me za a fi yi a ciki. Kar ka ce komai da komai, don holl ɗin dina da kamu daɓe shimfiɗaɗɗe yake so saboda tebura da filin rawa, shi kuma na wasan kwaikwayo ko musabaƙa ko lacca so yake kujeru su riƙa hawa kamar matakala, kowane layi idon mai zama ya haura kan na gabansa da kamar santimita 12. A nan ma ina cewa a ƙara kaɗan saboda hula da ɗaurin ɗankwali, wanda ya taɓa zama bayan uwar amarya ya san abin da nake nufi. In dole sai ka haɗa biyun saboda kuɗin haya a biki yake, to bar daɓen a shimfiɗe, a ɗaga dandamali kamar santimita 80 zuwa mita 1, a yi baranda a baya. Kuma kujerar ƙarshe kar ta wuce mita 20 daga dandamali in wasa ne, don daga nan fuskar ɗan wasa ta ɓace, dariya yake ko kuka ba ka sani ba.

Sai maganar sauti, kuma nan ne ake tafka asara. Na je bikin wata ƙanwata a wani holl a Gombe, tayil a ƙasa, tayil har rabin bango, silin mai santsi, ga kubba a tsakiya don ado, malam ya tashi zai yi addu'a muna ta cewa amin ba mu san me ya roƙa ba, mai sifika yana ta ƙara murya abin yana ƙara cakuɗewa. Ba laifin sifika ba ne. Sauti yana gudun kamar mita 343 a daƙiƙa, in ya daki abu mai tauri da santsi dawowa yake, in hanyar da ya zagayo ta fi ta kai tsaye da mita 17 kunne zai ji shi sau biyu, amsa-kuwwa kenan. Ɗakin magana ana so sautin ya mutu cikin daƙiƙa 1 ko ƙasa da haka, ɗakin kiɗa irin na Turawa ne ke son kusan daƙiƙa 2, mu kuwa da kalangu da algaita da kakaki ƙarfinsu ya isa, ba sa neman taimakon bango.

Abin da za ka ce a sa maka a zane: bangon baya, wanda ke kallon dandamali, ya zama mai shanye sauti, katako mai huji-huji da soso ko audugar gilashi a bayansa, ko ma labule mai kauri mai ninki. Bangon gefe biyu kar su tsaya daidai suna kallon juna, a ɗan karkata su ko a yi musu tudu da kwari. Silin na saman dandamali shi a bar shi da tauri a karkata shi ya tura muryar zuwa baya. Kubba da bango mai lanƙwasa ciki kuwa tara sauti suke wuri ɗaya, a guje su. Kujera mai soso ta fi ta roba nesa ba kusa ba, don ko holl bai cika ba tana shan sautin kamar da mutum a kai. Sannan kwano, in ba a sa abin tare ƙara a ƙarƙashinsa ba ruwan Agusta ɗaya ya isa ya tashi taro.

Abin haushin ma ba sabon ilimi ba ne, gidan wasan Epidaurus na ƙasar Girka tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa aka gina shi, yana cin mutum wajen 14,000 ba makirfo ba janareto. Mu ma in ka shiga soron ƙasa mai bakan gizo irin aikin shahararren maginin gargajiya Babban Gwani da ke Kafin Madaki za ka ji sanyin da katanga mai kauri ke riƙewa, amma yanzu bulo inci 6 da gilashi muke so sannan mu zo muna kuka da kuɗin dizal.

Zafi kam lissafi ne, kowane mutum a zaune yana fitar da zafi kamar wat 100, mutum 500 kaga kilowat 50 kenan tun ba a kunna fitila ba. A juya ginin dogayen bangon su kalli kudu da arewa, ranar la'asar ta daki gajeren, a ɗaga silin, a bar tagogin sama da za a iya buɗewa ran da wuta ta ƙi a kuma rufe su da hunturu saboda ƙura. Ɗakin janareto can nesa, kar ya jingina da bangon holl.

Ƙofofi duk su buɗe waje, kuma kar a sa musu kwaɗo ana cikin taro. A 1903 gobarar gidan wasan Iroquois a Chicago ta ci mutum wajen 600, da yawansu a bakin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa. Ƙofa ɗaya ta gaba mai ado ba ta isa ba, a yi na gefe, hanyar tsakanin kujeru a bar ta da faɗi.

Bayan dandamali kuma kowa mantawa yake, sai ranar wasa ka ga ƴan mata suna canza kaya a cikin mota. Ɗakin shiri biyu, maza da mata, da ƙofar shigo da kaya wadda mota za ta iya matsowa. Bayan gida na mata ya fi na maza yawa, wurin alwala da ɗan masallaci ma a zane za su fito, ba sai an gama a maƙala su ba.

Akitek ɗin ka tambaye shi rajistar ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista, injiniyan kuma ta COREN, wato ta injiniyoyi, don rufi mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya ba aikin ƙiyasi ba ne, a gwada ƙasa musamman a Gombe da zaizaya ke cin wasu unguwanni, a kai zanen hukumar tsara birni. In an gama kafin ka biya cikon kuɗi, sa a kashe fanka da janareto, ka tsaya tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara, sannan ka koma kujerar ƙarshe yaro ya hau dandamali ya karanta maka jarida ba makirfo.