Yadda ake shirya wa bahago teburin aikin kafinta

Toh 'yan uwa kafintocin Damagaram, musamman ku masu gida da ke da yara a ateliye, yau maganar bahago za mu yi. Cikin mutum 10 kusan 1 bahago ne, kenan duk shagon da ke da yara da yawa da wuya a rasa ɗaya, amma abin da muka saba shi ne a kwaɗe wa yaro hannu a ce ya koma dama. Cin abinci da miƙa wa babba kaya da dama wannan tarbiyya ce ba mai gardama, amma zarto ai ba tuwo ba ne. Teburin za a juya, a bar wa yaro hannunsa, kuma aikin bai wuce na yini guda ba.

Fara da tsayi, shi babu ruwansa da dama ko hagu. Mai teburin ya miƙe tsaye ya saki hannuwa, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan saman tebur zai kai, yawanci tsakanin santimita 80 zuwa 90. Tsawo mita 2 ko ƙasa kaɗan, faɗi santimita 60 ya isa. Ƙafafu a yi su da jan katako mai nauyi, in rumfar kan rairayi take ka sa dutse ko bulo ƙarƙashin kowace ƙafa, ka shafe gindin da baƙin mai saboda gara.

Yanzu ga asalin maganar. Ka lura da mai dama in yana goge katako da rabo, wato magogin nan mai wuƙa da ke aske fuskar katako, ƙafar hagu ce gaba, hannun dama a baya yana turawa, aikin na tafiya daga dama zuwa hagu, shi ya sa duk teburin da ka gani a Zango ko Sabon Gari matokarin, wato abin da ke tare katako kar ya zame, yana can ƙarshen hagu. Bahago kuwa akasin haka jikinsa ke so, ƙafar dama gaba, hagu na turawa, rabo ya tashi daga hagu ya nufi dama. In ka ajiye shi kan teburin mai dama zai tura katako ya ga ba abin da ya tare shi, katakon ya zame, sai ya zagaya ko ya murɗe ƙugu yana aiki a karkace, da yamma baya na ciwo, kai kuma maigida kana faɗan yaron nan ba ya koyo, alhali wlh tebur ne ke yaƙarsa.

Don haka ka ciro matokarin ka mai da shi ƙarshen dama in kana fuskantar tebur. Mafi yawanmu guntun katako ne muke bugawa da ƙusa, mu yi masa tsaga kamar bakin kifi ya riƙe kan katako, ya yi, sai dai ka nutsar da kawunan ƙusoshin sosai kuma kaurinsa kar ya kai na katakon da ake gogewa, in ba haka ba wuƙar rabo za ta ci ƙarfe. Wanda ke da eto, wato matsin nan na gaban tebur, shi ma ya koma dama kusa da ƙafar tebur, leɓensa daidai da saman tebur. In akwai na biyu na ƙarshen tebur shi kuma ya koma hagu. Hannun eton ba a taɓa shi, yadda yake murɗawa haka zai ci gaba. Sannan ka huda ramuka a jere kusa da bakin tebur, faɗin milimita 20, tazarar santimita 10, ka fiƙe 'yan turaku da ke shiga ciki, su za su riƙe katako gajere ko dogo.

Wani abu da ake mantawa, tunda alkiblar turawa ta canza, katakon ma sai an juya shi. In rabo na yagar fuska yana barin kaushi, ya juya kan katakon ya koma wutsiya kawai, ba wuƙar ce ta dakushe ba.

Yanka da zarto kuma a ƙarshen hagu zai yi shi, guntun da ake cirewa ya leƙo waje ta hagu, hannun dama ya danne. Kenan kar ka jingina wannan gefen da bango ko ka tara tsofaffin ƙofofi a wurin, ka bar fili kamar mita 1 da rabi ko fiye, don falankin da muke saya dogaye ne.

Haske ya shigo ta dama ko ta gaba. In ya zo ta hagu inuwar hannunsa ce za ta kwanta kan layin da ya ja, yana yanka yana lalube. Masu aikin dare su rataye ƙwan lantarki sama ta dama. Guduma, fensir da kurfi su zauna ta hagu inda hannu zai kai ba tare da ya ƙetara kan aiki ba. Mitar awo dai ka bar masa irin ta kowa, ita ce ma abu ɗaya da ya yi wa bahago adalci, don in ya riƙe gidanta da dama ya ja layi da hagu lambobin a miƙe yake ganinsu, mu masu dama ne ke karanta su a kife.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne injin kuran, wato mai aiki da lantarki. Injinan huda rami da yawa suna da ɗan maɓallin kulle a gefen hagu na mariƙi, an yi shi don babban yatsan mai dama, to bahago tafinsa ne ke kwanciya a kai, yana iya dannewa bai sani ba, ya saki yatsa inji ya ƙi tsayawa. A nuna masa wannan tun ba a jona wuta ba. Zarton inji na hannu kuma yawancinsu faifan yana dama, in ya riƙe da hagu zai ga layi tar amma faifan na ta wajen jikinsa kuma garin katako na feso masa a fuska, sai ya sa tabarau, ya matse katakon da matsi maimakon danne shi da hannu. Injin gurza shi da sauƙi, mariƙin gefe ana kwance shi a ɗaura ta ɗaya ɓangaren.

In kuma tebur ɗaya ne gare ku kuma ba kuɗin yin na biyu, ka janye shi daga bango ya zauna tsakiyar rumfa. Matokarin da ke hagun mai dama, in bahago ya zagaya ya tsaya ta ɗaya gefen, a damansa zai same shi, sai dai ka ƙara masa tsawo ya ratsa faɗin teburin, su riƙa yin gugar bi da bi.