Kurakuran da ake yi wajen tsara kwasa-kwasai kafin shiga karatun harhaɗa magunguna a Amurka

A Najeriya, mai son karatun harhaɗa magunguna yakan ci JAMB ya shiga sashen kai tsaye. A Amurka galibi sai ka shafe shekara biyu zuwa uku kana tara kwasa-kwasan share fage, wasu ma sai sun gama digirin farko, sannan ka nemi gurbin PharmD, wato digirin harhaɗa magunguna, mai shekara huɗu. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin yara masu ƙwazo suna asarar shekara guda cur saboda jadawali kawai.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne jinkirta kemistiri. Kwasa-kwasansa kamar matakala suke: kemistirin farko kashi na ɗaya da na biyu, oganik kashi na ɗaya da na biyu, sannan bayokemistiri a makarantun da ke nemansa. Ba za a bar ka ka taka na sama ba sai ka ci na ƙasa. Zango huɗu zuwa biyar ke nan a jere, babu tsallake. Ɗalibin da ya ce bari ya fara da masu sauƙi har ya saba da gari, ya tura kemistiri shekara ta biyu, ya riga ya tura ranar shigarsa gaba bai sani ba. Fara shi tun zangon farko. Kuma tun da jami'o'i da yawa ba sa ba ka kemistiri sai lissafinka ya kai wani mataki, idan gwajin lissafin shiga bai yi kyau ba, gyara shi a hutun bazara.

Sai haɗama. A takarda, ɗakin gwaji kiredit ɗaya ne tak, shi ya sa ake raina shi. A zahiri awa uku ne a tsaye, da tabarau a fuska, kana jiran ruwan kwalba ya sauya launi, ka dawo ɗaki da dare rahoto na jiranka. Wanda ya haɗa oganik, fiziks da maikurobayoloji a zango ɗaya ya ɗora wa kansa wannan sau uku kowane mako. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Shawarata: kwas biyu masu ɗakin gwaji sun isa, ka cike sauran da Turanci, jawabi a gaban jama'a ko tattalin arziki, waɗanda su ma makarantu da dama ke nema.

Wasu kuma jerin sharuɗɗan makaranta ɗaya suke riƙewa su zaci ko'ina haka ne. Wata tana son kalkulas da ƙididdiga duka, wata ba ta karɓar aikin ɗakin gwajin da aka yi ta intanet, wata tana ƙin kwas ɗin kimiyyar da ya daɗe. Tun shekarar farko buɗe shafin PharmCAS, inda yawancin makarantun ke karɓar takardun nema, ka zaɓi biyar ko shida ka jera sharuɗɗansu gefe da gefe.

Akwai wanda zai ce, in na faɗi ai sai in maimaita. To, ka sani ko jami'arka ta goge tsohon maki, PharmCAS tana lissafa duka biyun a GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka. Yawancin makarantu kuma ba sa karɓar ƙasa da C a kwas ɗin sharaɗi. An daina PCAT, jarrabawar shiga makarantun harhaɗa magunguna, tun Janairun 2024, don haka babu ita da za ta rufa wa maki mai rauni asiri. Idan tsakiyar zango ya yi ka ga oganik na neman kayar da kai, gara ka janye kafin wa'adi ya wuce da ka kwashi D. Amma mai bizar karatu ta F-1 ya yi hattara: dole ya riƙe kiredit 12 a zango, saboda haka kafin ya sa hannu a takardar janyewa, ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ji ta bakinsu.