Yadda ake haɗa waya da sana'ar hannu a ajin yaƙi da jahilci

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin manya ya san matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, guduwa ce. A fara aji cike, kafin wata biyu a ga benci ya koma wayam. Kuma gaskiya ba laifinsu ba ne, uwar gida ta bar girki da yara, ko magidanci ya rufe teburinsa a kasuwa, ya zo ya zauna ana ta ba be bi bo bu sati da sati bai ga abin da ya ƙaru a aljihunsa ba, to me zai dawo da shi?

Harkar ilimin manya dai ba sabuwa ba ce a wurinmu. Tun shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta yi gangamin yaƙi da jahilci, ana buga ƙananan littattafai a Zariya ana rabawa, a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, a 1990 kuma gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa. Abin da ya canja yanzu shi ne da wuya ka shiga gida ba ka samu waya ba ko da ƙarama ce. Ni abin da na yi imani da shi shi ne sana'ar hannu ita ce littafin karatun babba, waya kuma 'yar aike ce kawai, in aka juya su aka sa waya a gaba to an koma gidan jiya.

Da farko, ranar da aka buɗe aji kar a fara da allo. A zauna a yi hira a tambayi kowa abu biyu: wace sana'a kika iya, kuma wace irin waya ce a hannunki. Za ka sha mamaki, a aji ɗaya sai ka samu mai ɗinkin hula, mai saƙar faifai, mai haɗa turaren wuta da humra, mai lalle, mai sabulun ruwa, mai rini. Wajen waya kuma a raba su uku, masu babbar waya, masu ƙarama mai madanni, sai waɗanda sai sun ari ta miji ko ta ɗa. A rubuta a ajiye, don da shi za a san wa za a haɗa da wa, kowace mai babbar waya a ba ta mutum uku ko huɗu da suke kusa da gidanta.

Na biyu, a zaɓi sana'a ɗaya tak a fara da ita, wadda kayanta ba tsada kuma ana samunsu a kasuwar kusa. Wadda ta fi kowa iyawa a cikin ɗaliban ita za a sa ta koyar, ba sai an ɗauko wani daga waje ba. Wannan yana da tasiri fiye da yadda ake zato, matar da ta shigo tana jin kunyar ba ta iya rubuta sunanta ba yau ita ce a gaba ana ce mata Malama, wallahi ba za ta ƙara fashi ba. Kai kuma malami, musamman in kai yaro ne a cikinsu, Inna da Baba da Hajiya za ka riƙa cewa, kuma kar ka taɓa gyara wa babba kuskure da tsawa a gaban mutane.

Daga cikin sana'ar nan za a ciro darasin karatu. In hula ake yi, kalmomin makon farko su ne zare, allura, hula, baƙi, fari, ja. A rubuta zare a kwali a ɗaura a jikin zaren kansa, a rubuta allura a liƙa a gwangwanin allura. Sai a farfasa su, za-re, hu-la, daga za da re da hu da la ɗin nan su da kansu za su fara haɗa wasu kalmomi, lahu ba ta da ma'ana amma hure tana da ita, haka za a yi ta wasa da su. Awa ɗaya da rabi ya isa, rabin awa karatu, sauran hannu na aiki baki na maimaita abin da aka karanta. In kuma sabulu ne, a nan ma darasin farko ya zama na kariya, safar hannu, takunkumi, a nisanta yara, kuma soda ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba.

Na uku shi ne ɗaukar bidiyo, kuma a nan nake roƙon a yi hattara sosai. Hannu kawai za a ɗauka, ban da fuska, ban da cikin ɗakin mutane, sannan sai an nemi izinin mai hannun, matar aure kuma a bar ta ta je ta yi shawara da maigidanta tukuna. Bidiyo ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya sa a hana mata goma zuwa aji, kuma ba za ka iya dawo da shi ba. A jingina wayar a kan bulo ko a ɗaure ta a jikin kujera tana kallon ƙasa, a yi a tsakar gida da safe ko bayan la'asar lokacin da haske bai yi ƙarfi ba. Kowane bidiyo mataki ɗaya, minti ɗaya zuwa biyu, mai sana'ar na bayani da bakinta da Hausar da ta saba. In akwai wanda ya iya CapCut, manhajar gyaran bidiyo, sai ya ɗora kalmar ranar da manyan baƙaƙe a ƙasan bidiyon, in babu a rubuta a kwali a ajiye kusa da hannun, duk ɗaya ne.

Rabawa ba ta buƙatar data. Xender ko Bluetooth ya isa a cikin aji, masu ƙananan waya kuma a sa musu a memori, in bidiyon ya ƙi buɗewa a ɗauki murya zalla su riƙa saurara suna aiki. Caji ma a yi tunaninsa tun wuri, a yi karo-karo a sayi pawa banki ko ƙaramar sola ta zama ta aji.

Na huɗu, WhatsApp. A buɗe guruf, na mata daban mace ce admin, domin a guruf kowa na ganin lambar kowa. A kafa doka tun ranar farko, ba turo wa'azi, ba siyasa, ba tura wa mutum goma. Makonnin farko da saƙon murya za a yi komai tunda shi kowa ya iya, daga nan sai a fara jan su a hankali, malami ya turo hoton zare ya ce a rubuto sunansa. A sa musu Hausa a kibod, Gboard yana da ita har da ƙ da ɗ da ɓ, sannan a ƙara girman rubutun wayar a saitin, da yawa daga cikin dattawa ba karatun ne ya gagare su ba, idon ne. Amma fa kar a yar da biro da littafi, duk abin da aka danna a waya a rubuta shi da hannu, hannu ne ke riƙe baƙi.

Na biyar shi ne lissafi, kuma ni a ganina nan ne ajin yake biyan kuɗin wahalarsa. Mata da yawa suna sana'a shekara da shekaru suna cin uwar kuɗi ba su sani ba, saboda ba sa sa kuɗin mota, ba sa sa kwalba, ba sa sa wahalarsu. A zauna da kalkuletar waya a yi misali da kayan da aka saya da gaske. A ce kayan haɗi sun ci 6,000, robobi 2,000, mota 1,000, jimla 9,000, an samu roba 30, kowace ta tashi a 300 ke nan tun kafin a sa riba. To wadda take sayarwa 300 tana murna kaya na ƙarewa, aikin banza take yi. A bar su su danna da kansu, su yi kuskure su goge su sake. Kowa ta samu littafi mai layi uku, abin da na kashe, abin da na sayar, wanda nake bi bashi. Daga ranar da mace ta rubuta sunan mai cin bashinta da hannunta, ba sai ka ƙara roƙonta ta zo aji ba.

Sai talla. A shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗora kaya guda ɗaya, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi, a ɗauka ba filas. A sa a status da suna da farashi, ita mai kayan ce za ta rubuta ko da zai ɗauke ta minti goma. Waɗanda suka yi nisa a buɗe musu WhatsApp Business su jera kaya a katalog, a yi musu 'yar takardar liƙawa a manhajar zane ta Canva mai ɗauke da sunan sana'a da lambar waya a kai wa masu buga takardu.

Kafin kowa ta fara karɓar kuɗi ta waya, dole a ware zama guda cur a kan 'yan damfara. Lambar sirri, lambar BVN, da lambobin da banki ke turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake, ko ya ce tallafi ne ya fito. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa, sai an buɗe asusu ko OPay ne ko Moniepoint ko na banki an ga kuɗin sun zauna sannan a saki kaya. A yi shi kamar wasan kwaikwayo, ɗaya ta zama mai kira ɗaya ta zama mai kaya, a maimaita har kowa ta iya cewa a'a ta kashe waya.

Bayan wata uku a yi 'yar baje koli a harabar makarantar ko ƙofar gidan mai unguwa, a gayyaci mazaje da 'ya'ya da maƙwabta, kowa ta rubuta farashin kayanta da hannunta ta karɓi kuɗinta ta ba da canji. In ana so a haɗa da wata rana, 8 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. A ware wani abu daga cinikin ranar a sayi kayan sana'a ta biyu, a ajiye littafi a bakin ƙofa don rubuta sunayen sababbin ɗalibai.