Kurakuran da masu gina otal da wurin shaƙatawa suka fi yi a Damagaram, da yadda za a gyara su

Otal-otal ɗin da ake ginawa a cikin manyan wuraren wasa na duniya, irin na Disney, suna da wani abu da ke kama baƙo tun daga bakin ƙofa. Ko an rufe masa allon suna, ya san inda ya shigo. Masu hali a garinmu da ke gina gidajen saukar baƙi da lambunan shaƙatawa suna son nasu ya zama haka, kuma buri ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne yawanci hoton suke ɗaukowa daga waya, su bar tunanin da ya haifi hoton. Kuɗi ya tafi, gini ya tashi, amma in ka shiga ba ka iya cewa a Damagaram kake ko a Kwatano.

Farawa da sayen kaya kafin a san labarin

Wannan shi ne uban kurakuran. Alhaji ya je Kano ko Dubai, ya ga tayil mai sheƙi ya saya, ya ga fitila mai lilo ya saya, ya ga gunkin zaki na siminti ya ce a ɗora a bakin ƙofa. Kowane ɗaya yana da kyau shi kaɗai. Da aka haɗa su sai ginshiƙi irin na Rumawa ya tsaya kusa da bishiyar dabino ta roba, a garin da dabino na gaske ke tsirowa.

A Disney da labari ake farawa. Ranar 1 ga Oktoba 1971, da aka buɗe Walt Disney World a jihar Fulorida ta Amurka, otal biyu ne suka fara karɓar baƙi. Ɗaya, Polynesian, an gina shi a kan rayuwar tsibiran tekun Fasifik. Ɗayan, Contemporary, labarinsa zamani ne, har jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya yana ratsawa ta tsakiyar ginin. A 1994 suka buɗe Wilderness Lodge, wanda ya kwaikwayi tsofaffin masaukan katako na gandun dajin yammacin Amurka, aka yi masa murhu mai tsawon kimanin mita 25 da duwatsu masu launi-launi irin na kwazazzabon Grand Canyon. Kowane ɗaya magana ɗaya yake yi, ba ya sako wata.

Gyaran ba ya cin ko dala. Kafin a haƙa tushe, mai gida ya zauna ya rubuta jimla ɗaya: baƙon da ya shigo nan, ina nake so ya ji ya zo? Duk abin da za a saya daga baya a gwada shi da wannan jimlar. In bai shiga ba, a bar shi a kanti komai arharsa.

Kuma mu ba mu da wahalar neman labari. Garin nan ya karɓi ayarin fatake masu zuwa daga Agadas har Tarabulus, masu wucewa Kano, kuma a Zango suke sauka. Ga Birni da lungunansa, ga fadar Sarkin Damagaram, ga tarihin Sarki Tanimun, ga manyan duwatsun da suka tokare tsakiyar gari. Nan ne babban birnin ƙasar Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Disney kuwa, a 2001, sai da suka kashe maƙudan kuɗi suka gina Animal Kingdom Lodge don Ba'amurke ya ji kamar yana Afirka: suka tara sassaƙa da saƙa na ƙasashenmu, suka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa a filin da baƙo ke hange daga barandar ɗakinsa, suka ɗauko matasa daga ƙasashen Afirka su yi aiki a wurin. Abin da su suka yi wa tattaki yana bayan gidanmu.

Ado a fuska, ciki fayau

Akwai waɗanda suka gane maganar farko, suka ce za su yi na gargajiya. Sai a zana dagi a jikin katangar gaba da fenti, a kafa zanko biyu a sama, a rataye faifai uku a wurin karɓar baƙi. Kana wuce nan labari ya ƙare: dogon lungu mai farar fitila, ƙofofin ƙarfe, kujerar roba, labule mai hoton furen ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba. Kamar amaryar da aka yi wa kwalliya a fuska aka bar ƙafarta da faso.

Baƙo ya fi daɗewa a ɗaki fiye da bakin ƙofa, don haka a can ne ya kamata labarin ya fi ƙarfi. A otal-otal ɗin Disney har kwandon shara, da mariƙin ƙofa, da lambar ɗaki, da zanen shimfiɗar ƙasa, duk an yi su da sigar wurin. Abin da ba zai yiwu a ƙawata ba, kamar akwatin lantarki, sai su shafa masa wani kore mai duhu-duhu da ido ba ya tsayawa a kansa.

A nan ga yadda za a yi. A nemo magina na gaske, waɗanda suka gaji aikin, ba mai fenti da zai kwaikwayi zane daga waya ba. Zanen bangon gidajen Birni tasowa yake daga jikin bango, ana yin sa da hannu tun shafen yana ɗanye, shi ya sa da hantsi da la'asar inuwarsa ke sauyawa. Fenti a kan shafaffen siminti ba ya yin haka. Mashiga ta zama zaure na sosai, mai kauri da sanyi, inda mutum zai shigo daga rana ya ji jikinsa ya sauka. In an iya ɗaurin guga a rufinsa, to madalla. Lambar ɗaki a sa dukawa su yi ta a kan jar fata. Mariƙin makulli ma haka. Madubin banɗaki a zagaye shi da aikin fata ko na maƙera. Fitilar gefen gado a rufe ta da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, hasken ya riƙa fita ta hudojin. Bargon gado ya zama saƙi. Waɗannan duka ana yin su a cikin gari, kuɗin ya zauna a hannun mutanenmu, kuma in ɗaya ya lalace mai gyara yana nan kusa.

Ba ina cewa a koma ginin ƙasa zalla ba. Ana iya yin ƙashin gini da siminti da ƙarfe, a sa bango mai kauri, a yi shafe mai launin ƙasarmu. Abin gudu shi ne katon gilashi mai kallon yamma a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40.

Mantawa da hanci da kunne

Mutane da yawa suna zaton yanayin wuri abin ido ne kawai. Manyan otal-otal suna da ƙamshinsu na kansu da suke sakawa a zauren shiga, kuma a wuraren wasan Disney akwai na'urorin da ke busa ƙamshi a wasu tituna da cikin wasanni. Kiɗan kowane sashe daban ne, kuma an sassauta shi yadda ba zai hana hira ba.

Mu da muke da turaren wuta, me zai sa zaure ya riƙa warin maganin sauro? A zaɓi haɗi ɗaya wurin mai haɗa turare ɗaya, a riƙa sa shi safe da yamma, kada a sauya. Bayan shekara baƙo zai ji ƙamshin a wani wuri ya tuna da ku. Sai a kula kada hayaƙin ya yi yawa a ɗakin kwana, don akwai masu ciwon ƙirji.

Kunne kuwa, abokin gabarsa biyu ne: injin wuta da talabijin. Injin a yi masa ɗaki can nesa da ɗakunan kwana tun a zanen gini, ba bayan baƙi sun fara ƙorafi ba. Talabijin ɗin zaure da ke ihu ba mai kallo a kashe shi. Sautin gurmi can ƙasa-ƙasa ya wadatar, kuma in lokacin salla ya yi a tsayar.

Ma'aikata a wajen labarin

Disney suna ɗaukar ma'aikacinsu a matsayin ɗan wasa, duk inda baƙo ke iya gani kuma dandali ne. Saboda haka ne a Magic Kingdom, wurin wasansu na Fulorida, aka gina hanyoyi a ƙarƙashin wurin wasan, ta nan ake wucewa da shara da kayan abinci, ta nan ma'aikaci ke zuwa sashensa, don kada a ga mai tufafin wani sashe yana ratsa wani.

Ba mai cewa a haƙa rami a Damagaram. Amma ƙofar baya ba ta gagari kowa ba. Buhun gawayi, da bokitin wanki, da ragon da za a yanka, kada su bi ta gaban baƙo. Tufafin ma'aikata su dace da ginin, kuma su dace da zafinmu. Yaro cikin baƙar kwat da ɗamarar wuya yana zufa a cikin zaure mai dagi, shi bai ji daɗi ba, mai kallonsa ma haka. A koya masa gaisuwa cikakkiya, ya san wanda zai ce wa "Sannu da zuwa, Baba" da wadda zai ce wa "Hajiya, an zo lafiya?", ya tarbi baƙo da ruwan sanyi kafin ya miƙa masa takardar cikewa. Ya kuma san amsar in an tambaye shi wa ya yi wannan zanen, ko ta ina ake zuwa majema. Kuma a biya shi a kan lokaci, domin fara'ar wanda ke bin albashin wata biyu ba ta kai wa la'asar.

Miki Maus a jikin katanga

Wannan gajere ne. Zana Miki Maus da sauran ƴan tsanar kamfanonin waje a bangon wurin wasan yara ba ya mai da wuri Disney. Suna da masu su, kuma ba su da alaƙa da labarinku. Yaranmu suna da Gizo da Ƙoƙi, da kura, da dila. A ba mai zane na gari aikin.

Labari ya danne jin daɗi

A watan Maris na 2022 Disney suka buɗe wani otal mai ɗaki 100 da aka yi shi kamar jirgin sararin samaniya na fina-finan Star Wars. Ɗakunan ba su da taga ta gaske, sai allon da ke nuna taurari, kuma kwana biyu na mutum biyu ya kusa dalar Amurka 5,000. A ƙarshen Satumba 2023 aka rufe shi. Ko su da suka fi kowa iya wannan sana'a, da abin ya fi ƙarfin aljihun iyali, bai ɗore ba.

Namu gwajin ya fi wannan sauƙin faɗa: ruwa. Kowa ya san ƙishin garin nan. Wanda ya gina wurin ninƙaya alhali famfon banɗaki na tari da asuba ya sa abu na ƙarshe a farko. A fara da babban tanki, da ajiyar da za ta ɗauki kwanaki in ruwa ya yanke, da wutar rana ko da ta fanka da fitila ce. A dasa itatuwan da suka san ƙasarmu, dogon yaro da kurna da dabino, tun ranar da aka fara gini, maimakon shimfiɗa ciyawar da ke shan ruwan unguwa guda. A kuma tuna su wa za su zo: iyalai ranar Salla, ƴan biki, fatake, masu taron bita. Suna buƙatar wurin alwala mai tsabta, da masallaci, da rumfar da mata za su sake su zauna suna hangen yaransu a kan lilo. A jerin abinci kada fura da dambu da kilishi da alkaki su koma can ƙasa kamar abin kunya.

Buɗewa da biki, sannan a saki

Yanayi ba ya zama da kansa. A wuraren Disney yawancin fenti da gyara da wanki cikin dare ake yin su, bayan baƙi sun watse. Mu kuma muna da hunturu da ke shafe komai da ƙura, da damina da ke cin shafen bango. A ware kuɗin gyara a kowane wata tun kafin a lissafa riba. Kafin ruwan farko a hau rufi a duba indararo, a toshe tsaga. Bayan damina a kira maginin da ya yi zanen ya sabunta inda ya zube. Aikin fata a riƙa shafa masa mai don kada ya bushe ya tsage. Sau ɗaya a wata mai gida ya kwana a ɗaya daga cikin ɗakunan, ba wanda aka gyara dominsa ba, ya buɗe famfo, ya kunna kowace fitila, ya rubuta abin da ya gani ya ba manaja da ranar da za a gama gyarawa.