Yadda Ake Zagayen Saman Dutsen Bempton Don Kallon Tsuntsayen Teku

Bempton ƙauye ne a gabashin Yorkshire da ke Ingila, kusa da garin Bridlington. A bayansa gonaki ke yankewa kwatsam, ƙasa ta zama bangon farin dutsen alli da ya kai mita 100 a kan Tekun Arewa. A jikin bangon nan tsuntsaye kusan rabin miliyan ke taruwa duk shekara su yi ƙwai, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wurin. Tafiyar gajeriya ce, ba hawa ba gangara, amma mai gaggawa zai je ya dawo bai ga komai ba sai ɗige-ɗigen fari.

Da farko, zaɓi wata. Daga Afrilu zuwa Yuli ne dutsen ke cika, Mayu da Yuni kuwa sun fi kowanne. Idan Agusta ta kama, yawancin ƙananan tsuntsayen sun koma teku, sai ganet, wani babban farin tsuntsun teku, da ke zama har wajen Oktoba. Ka duba hasashen yanayi ranar da za ka fita, don hazon teku kan rufe gaɓar gaba ɗaya alhali cikin gari rana ta fito tas.

Na biyu, isa wurin. Jirgin ƙasa da ke zirga-zirga tsakanin Hull da Scarborough yana tsayawa a tashar Bempton, daga nan ka taka kimanin kilomita biyu ta Cliff Lane zuwa cibiyar baƙi. Mai mota yana da wurin ajiyewa. Wanda ba ɗan ƙungiyar ba zai biya kuɗin shiga.

Kaya ba su da yawa: rigar da ke tare iska ko da lokacin zafi ne, takalmi mai riƙe ƙasa, da madubin hango nesa. Hular da ba ta kama kai ba, bar ta a jaka, iskar wurin ba ta da kunya.

Daga cibiyar, bi hanyar da ta ratsa ciyawa zuwa bakin dutsen. Hancinka da kunnenka za su riga idonka isa, da ƙarnin kifi da kashin tsuntsu da hayaniya kamar ta kasuwa ranar ci. Akwai dandamalin kallo guda shida masu shinge. Tsaya a na kusa, Grandstand, kuma kada ka bar shi da wuri. Zaɓi tsaga ɗaya a jikin dutsen ka kafa mata madubi na minti goma. Waɗanda suka jeru kafaɗa da kafaɗa, baya ruwan ƙasa mai duhu, ciki fari, su ne gilimot. Ba sa yin sheƙa. Ƙwai ɗaya tak uwar ke ajiyewa a kan tsurar dutse, mai tsini a gefe guda. Ɗan yana da kamar mako uku zai yi tsalle ya faɗa teku tun bai iya tashi ba, uban ya bi shi ya ci gaba da ciyar da shi a ruwa. Wanda ya fi su baƙi, mai kaurin baki da farin zane a kai, rezobil ne, ya fi son lungu shi da matarsa. Masu farin kai da tokar baya da ke manne da 'yar sheƙar laka da ciyawa kuwa kitiwek ne, kuma rabin surutun nasu ne.

Kowa tsuntsun da ake kira fafin yake nema, mai bakin nan ja da rawaya. Ƙarami ne, kamar santimita 30, kuma a nan cikin ramukan dutse yake ɓuya. Kada ka nemi bakin, nemi ƙafafu ruwan lemo. In ya gagara, tambayi masu aikin sa-kai da ke tsaye da babban madubi, sun san ramin da aka gan shi da safe. A ganina dai bai kamata neman fafin ya cinye maka yini ba.

Yanzu fuskanci teku ka yi dama, ka wuce dandamalin New Roll-up zuwa na Staple Newk. Nan ne ladar tafiyar take. Ganet sun lulluɓe wani dutse mai kama da baka, kowace sheƙa nesa da 'yar'uwarta daidai inda saran maƙwabci ba zai kai ba. Tsuntsu ne fari fat mai baƙin bakin fiffike da rawaya-rawayan kai, faɗin fikafikansa kusan mita 1.8. Ƙwansa ɗaya, da tafin ƙafa yake rufe shi. Idan ɗaya ya dawo daga kamun kifi, za ka ga shi da abokin zamansa sun miƙe wuya suna goga baki da baki. Masu dabbare-dabbare matasa ne, sai sun kai wajen shekara biyar suke yin fari. Ranar da iska ke bugo dutsen, sukan taso daidai fuskarka, wasu ma su sauka dab da shinge suna tsigar ciyawar sheƙa.

Shingen nan kada ka tsallake shi don hoto. Alli yana zaizayewa ta ƙasa, ciyawar sama ba ta nuna hakan. Da can mutanen yankin kan sauko da igiya su kwashi ƙwai a jikin dutsen, har dokar 1954 ta hana. Tun kafin nan, harbin da ake wa tsuntsayen wannan gaɓa ne ya jawo dokar kare tsuntsayen teku ta 1869. Wanda ya zo da karensa ya riƙe shi da igiya.

A dawowa, in da sauran ƙarfi, wuce cibiyar ta gefen hagu zuwa dandamalin Bartlett Nab da na Jubilee Corner, inda ake hango bangon a tsaye daga sama har ruwa. Nan za ka lura da fulma, mai shawagi da sandararrun fikafikai, wanda ke feshe maƙiyi da wani mai mai wari. Ware awa biyu zuwa uku don duka zagayen, kuma in jirgi za ka bi, duba lokacin na komawa tun kafin ka bar tasha, ka ƙara rabin awar takawa a lissafinka.